Tsakanin Fadamar Rima da Tudun Wurno: Nasiha ga Samari Masu Keke

Baƙon da ya ratsa ƙasarmu cikin mota yakan koma gida ya ce gabashin Sakkwato fili ne fetal, ba tudu ba gangare. Ba laifinsa ba ne, inji ne ya ɗauke masa nauyin hanya. Ku ba shi keke a Kagara da sassafe, ku ce ya fito daga fadama ya hau tudu ya nufi Wurno. Kafin azahar cinyoyinsa sun ba shi wani labari dabam. Gulabe biyu ne suka yanka ƙasar nan. Gulbin Rima ya gangaro ta Sabon Birni da Goronyo ya bi ta gindin Wurno, Gulbin Sakkwato kuma ya taso daga wajen Zamfara ya bi ta Rabah, ba su haɗu ba sai a kusa da birnin Shehu. Tsakaninsu da gefensu tuddai ne masu shimfiɗaɗɗen kai, ga jan dutse, ga marmara, ga kwazazzaban da ruwan damina ya haƙa. Ba su kai duwatsun Jos tsawo ba. Hawansu gajere ne, sai dai wani wurin a tsaye yake, kuma ba ya zuwa sau ɗaya ya ƙyale ka. Ka sauka wannan kwari, ka hau wancan tudu, kana murnar ka gama sai ka hango wani yana jiranka.

Da ku nake, ƙannena da 'ya'yana, samarin Kagara da Goronyo da Wurno da Rabah da ƙauyukan da ke tsakani. Na lura kun fara jin kunyar keke. Da yaro ya fara tsirar gashin baki sai ya ga hawan keke faɗuwar girma ne, shi dai babur, ko da na aro ne. Ku tambayi kakanninku yadda abin yake a da. Malamin makaranta da malamin gona da duba-gari duk a kan Raleigh suke zagaya ƙasar nan, wanda ya sayi sabo kuwa sai an zo gidansa kallo da yin Allah ya sanya alheri. A ɗaki yake kwana, da tsummansa na goge ƙura. Kasuwar keke ta yi ƙarfi a Arewa har kamfanin Raleigh ya kafa masana'anta a Kano. Daga baya Phoenix na ƙasar Sin ya shigo da sauƙin kuɗi, sannan babur ya zo ya ture su duka zuwa bayan rumbu. Sai ga ranar 29 ga Mayu, 2023, aka cire tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a wurare da yawa. Mutane suka shiga zaƙulo tsofaffin kekunansu, masu faci suka sake ganin ciniki.

Amma tsadar mai ita ce ƙaramar hujjata. Babbar ita ce ina ganin kuna zama baƙi a ƙasar da aka yanke muku cibiya. Akwai a cikinku wanda zai lissafa maka 'yan ƙwallon Madrid har da na benci, amma ka tambaye shi sunan ƙauyen da ke bayan tudun da yake gani kullum daga ƙofar gidansu, sai ya sosa ƙeya. Mota tana ratsa ƙasa da kai ba tare da ka taɓa ta ba. Babur ya ɗan fi, sai dai ƙararsa na toshe kunne, gudunsa ba ya barin ka amsa gaisuwa, kuma a shekarun nan rurin babura daga nesa kan sa mata su kwashi 'ya'ya su nemi maɓoya. Keke ba ya firgita kowa. Tafiyarsa tana barin ka ce "Sannunku da aiki, Baba," a amsa maka, a tambaye ka ɗan gidan wane ne, a gaya maka inda rijiya take da inda gada ta karye.

Ku fara da ƙofar gida, wato fadamar Rima. Da rani, bayan ruwa ya janye, hanyoyin da ke ratsa gonakin albasa da tafarnuwa da alkama da shinkafa su ne makarantar ɗan koyo: ba hawa mai yawa, ga mutane ko'ina. Idan an tabbatar muku hanya lafiya, ku matsa gabas ku ga madatsar ruwa ta Goronyo. An kammala ta a 1984, bangonta na ƙasa ya kai kilomita 12 da 'yan kai, an kuma gina ta don ta riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 900. Da ita birnin Sakkwato ke shan ruwa da rani, da ita manoman raninmu ke ban-ruwa. Mutumin Kagara ba ya bukatar a gaya masa ƙarfin wannan ruwa. A farkon Satumba na 2010, da tafkin ya cika ya batse aka buɗe ƙofofi, Kagara na cikin garuruwan farko da ruwa ya ci. Mako guda bayan haka wani sashe na madatsar ya ɓalle, ambaliya ta bi kwarin Rima har ƙasa. Da yawanku kuna goye a lokacin, wasu ma ba a haife ku ba. Ku roƙi wani babba da ya ga abin da idonsa ya hau keke ya bi gefen fadama da ku, ya nuna muku inda ruwa ya tsaya. Gobe ku ne masu gina ɗaki da rumbu, wanda ya san wannan iyaka kuwa ba zai aza tubalinsa a ƙasa da ita ba. In kun isa madatsar ku nemi izinin masu gadi kafin ku hau ko ku ɗauki hoto. Kada kuma zafi ya ja ku wanka a tafkin ko a magudanar ban-ruwa. Ban da nutsewa, a irin wannan ruwa ake kwasar tsargiya.

Sai tuddai. Idan kun hau wani kuka tsaya shan iska, ku dubi jikin kwazazzabo inda ruwa ya yanke ƙasa. Za ku gan ta hawa-hawa, wani ja, wani fari, wani ruwan toka. Masana ilimin ƙasa sun ce teku ne ya taɓa kwanciya a nan, shekaru sama da miliyan 65 da suka wuce, sun kuma raɗa wa waɗannan hawa-hawan duwatsu sunayen garuruwan jiharmu: Taloka, Dukamaje, Wurno, Dange, Kalambaina. Ɗalibin da ke karanta ilimin ƙasar Najeriya a Ibadan ko Zariya sai ya haddace su kafin ya ci jarrabawa. A cikin waɗannan duwatsu aka tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku mai dogon baki cike da haƙora, irinta ta daɗe da ƙarewa a duniya. A 1972 wasu masana daga Italiya, ƙarƙashin Augusto Azzaroli, suka sa mata suna Goronyosaurus, don a ƙasar Goronyo aka same ta. Abin yana mini ciwo idan na tuna sunan garinmu na cikin littattafan duniya, yaran garin kuwa suna kiwon awaki a kan waɗannan duwatsu ba wanda ya taɓa gaya musu.

Titin kwalta da ya taso daga Sakkwato ya bi ta Achida da Marnona ya zo Goronyo, shi za ku riƙa kamawa a yawancin doguwar tafiya, daga shi kuma ake ratsewa zuwa Wurno. Ku hau garin da ƙarfin ƙafafunku, ku tsaya a gefen da ke kallon fadama, za ku gane abin da ba a cika bayyana muku a aji ba: dalilin da ya sa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zaɓi nan ya kafa ribaɗi wajen 1830. Ga tudu da ke ba mai gadi damar hango ƙurar dawaki tun daga nesa, ga ruwa da ƙasar noma a gindinsa da za su ciyar da masu tsaron. Nan ya zauna, nan ya rasu a 1837, nan hubbarensa yake. In kun kusanci wurin ku sauka, ku tura keken da hannu, ku rage murya, ku yi masa addu'a. Rabah kuma, a bakin ɗaya gulbin, kimanin mil 20 daga Sakkwato, can aka haifi Sardauna Ahmadu Bello a 1910, can ya dawo ya zama hakimi a 1934 tun bai kai shekara talatin ba. Tsakanin garuruwan biyu ƙasar tudu ce ta gero da wake, mai yashi, mai ƙarancin inuwa, ita ce kuma za ta fi gwada ku.

Yanzu ga maganar da ta fi nauyi. Da na san abu ɗaya kawai za ku riƙe daga rubutun nan, da wannan zan zaɓa muku.

Babu hanyar da zan ce ku bi ido rufe. Gabashin Sakkwato na cikin wuraren da 'yan bindiga suka fi addaba. A Satumba na 2021 gwamnatin jiha ta rufe hanyar Marnona zuwa Isa, wadda ta ratsa dajin Gundumi, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14. Ranar Lahadi 17 ga Oktoba na 2021 ɗin aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, mutum sama da 40 suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya jiƙansu da rahama. Ku wannan ba labarin rediyo ba ne a wurinku, kun san fuskokin waɗanda aka ɗauka da waɗanda ba su dawo ba. To, mai keke ba ya tsere wa babur, ba ya tsere wa harsashi. Abin da zai kare shi, bayan kariyar Allah, shi ne kada ya kasance a wurin tun farko.

Dajin Gundumi ya daɗe da zama abin tsoro. A 1853 matafiyin nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya ratsa shi a hanyarsa ta zuwa wurin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Yini da kwana suna tafiya ba su yada zango ba, saboda ba ruwa kuma ana tsoron mahara. Fataken wancan zamani ba su daina fatauci don tsoro ba, amma ba su shiga daji da ka ba. Ayari suke yi, da madugu mai yanke shawara, da jagaba wanda ya san hanya, ba a kuma tashi daga zango sai an ji labarin gaba daga bakin wanda ya fito can. Wannan tsari nake so ku ɗauka. Kada ɗayanku ya yi nisa shi kaɗai. Ku fita ku huɗu ko biyar, wanda ya san hanya a gaba, mai ƙarfi da haƙuri a baya don kada a bar kowa. Kafin ku tashi ku je tasha ku tambayi direbobi da 'yan acaɓa, su ne suka bi hanyar jiya da yamma da yau da asuba. Ku gaya wa iyayenku inda za ku da lokacin da za ku dawo, ku kuma cika alkawarin. In mahaifinka ya ce yau ba za a je ba, magana ta ƙare, ko da bai ba ka dalili ba. Wani labarin a masallaci ake jin sa da asuba, ba a kuma maimaita wa yara. Gundumi da duk hanyar da ta nufi cikinsa ku cire su daga lissafi gaba ɗaya har Allah ya kawo sauƙi. Idan kun ga hanyar da aka saba gani da mutane ta yi tsit, ba mai jaki, ba mai tallar nono, ba mota mai zuwa daga gaba, ku juya. Ba wanda zai kira ku matsorata sai wanda bai taɓa binne ɗan'uwansa ba.

Akwai haɗari na biyu da ba ku cika tunawa da shi ba: a ɗauke ku ku ne abin tsoro. Ƙauyen da aka sha kai wa hari ba ya ganin baƙon saurayi yana ɗaukar hoto ya ce yawon buɗe ido yake. Infoma za a ce. Don haka ku riƙe katin shaida, na ƙasa ko na makaranta. Kun shiga gari, ku fara da ƙofar maigari ko liman: "Ranka ya daɗe, mu 'ya'yanka ne daga Kagara, wucewa muke zuwa Wurno, muka ce mu kawo gaisuwa." Wannan minti biyar ɗin ya fi muku duk wani makami. A shingen jami'an tsaro ko na 'yan sa-kai ku sauka tun daga nesa, hannuwanku a fili, waya a aljihu. Kada ku sa a Facebook ko WhatsApp inda za ku bi gobe; in kuna son nuna hoto, ku bari sai kun dawo gida. La'asar sakaliya ta same ku a cikin gari.

Mu dawo kan keken kansa. Abu na farko da mai doguwar tafiya ke dubawa da safe shi ne iska. Da hunturu, daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu, daga arewa maso gabas take busowa. Wanda ya tashi daga Kagara ya nufi Wurno ko Achida, tana bayansa tana tura shi, sai ya ji shi gwarzo ne, ya yi ta ƙara nisa. Da ya juyo zai gane kurensa, don yanzu ga gajiya, ga rana ta take, ga iska a ƙirji. Ku auna tafiya da dawowa. In da hali ku fita kuna fuskantar iska tun kuna da ƙarfi, ta rako ku gida. Da damina akasin haka ne, daga kudu maso yamma take zuwa, hadari kuma daga gabas yake haɗowa; kun ga gabas ta yi baƙi, ku nemi gari, kada ku fake ƙarƙashin itacen da ke tsaye shi kaɗai a fili, kada kuma ku tsallaka kwarin da ruwa ke gudu ko da iyakarsa gwiwa.

Bazara kuwa ba lokacin nuna bajinta ba ne. A Afrilu da Mayu zafinmu na haura digiri 40, mai taka keke a irin wannan rana kan zubar da gumi lita guda ko fiye cikin awa ɗaya. Ku fita bayan sallar asuba da zarar gari ya waye, ku dawo kafin hantsi ya dubi ludayi. Ku sha ruwa kaɗan-kaɗan tun kafin ƙishirwa ta kama ku. A ɗaya daga cikin gorunanku ku haɗa irin ruwan gishiri da sukarin da ake ba mai gudawa: lita guda ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Dabino da ƙuli-ƙuli a aljihu, fura da nono a zango, sun wadatar. Idan abokin tafiya ya fara jiri, ko amai, ko maganarsa ta rikice, zafi ne ya kama shi, kuma yana kisa. Ku kai shi inuwa, ku jiƙe masa jiki, ku yi masa fifita, ku nemi abin hawa zuwa asibiti ba tare da jiran ya ce ya ji sauƙi ba. Mai azumi ya bar doguwar tafiya sai bayan salla.

Hawan tudu shi ne inda ake gane wanda ya iya. Ɗan koyo yana hango tudu sai ya taho da gudu da nufin ya ci shi da ƙarfi, ya kai rabi numfashi ya ƙare. Gwani tun daga gindi yake rage sauri ya kama takun da zai iya riƙewa har sama, yana numfashi daga ciki, idonsa a ɗan gabansa kaɗan. In kekenka mai giya ne, ka sauya zuwa mai laushi tun kafin hawan ya cije, don sauya giya kana danna feda da dukan ƙarfinka shi ke tsinka sarƙa. In irin na kakanninmu ne marar giya, wanda nauyinsa ke kusan kilo 20, ka miƙe tsaye ka bar nauyin jikinka ya riƙa danna fedar. In ya gagara, ka sauka ka tura. Dattawan da ke kai buhun albasa kasuwa haka suke yi, sun kuma fi ku sanin hanya. Abin da na hana ku da babbar murya shi ne kama bayan babbar mota don ta ja ku zuwa sama. Direban bai san da kai ba. Ya kauce wa rami ɗaya, ka tafi ƙarƙashin taya. Ku kuma gyara sirdi: yawancinku a ƙasa kuke barinsa, gwiwa na kusan taɓa haɓa. Ka ɗaga shi yadda in feda ta sauka ƙasa ƙafarka za ta kusa miƙewa, saura ɗan lanƙwasa kaɗan. Za ka ji rabin nauyin tudun ya tafi.

Gangara ta fi hawa haɗari, don daɗinta ke ɗauke hankali. A ƙasarmu kusan kowace gangara a kwari take ƙarewa, a kwarin kuma ruwa ya tara yashi da tsakuwa. Tayar gaba ta shiga yashi da gudu, sai ta tsaya cak kai kuma ka wuce ta kan keken. Ka gwada birkinka biyu tun kana sama. Ka ja jikinka baya, ka riƙa matsa su tare a hankali, ka rage gudu kafin kwana ba a cikinta ba. Birkin ƙarfe na tsofaffin kekuna in ya jiƙe kusan ba ya kamawa, ku tuna da haka bayan kun ratsa ruwa. Ƙafar wando ta dama a ɗaure ta da roba, silifas kuma a bar shi gida.

Sai ƙaya. Duk wanda ya taka keke a gefen gonakinmu bayan kaka ya san tsidau, wanda duk yadda ya faɗi ƙasa tsininsa na sama, ga kuma ƙayar bagaruwa da ta aduwa inda aka yi shinge. Dabarar tsofaffi har yau tana aiki: a yanka tsohon tub a shimfiɗa shi cikin taya ya zama kariya ga sabon. Kada ayari ya tashi babu famfo, da faci da sholisho, da sifana, da tub guda na ko-ta-kwana. Kuma kowa ya iya faci da hannunsa. Ka je rumfar mai gyaran keke na unguwarku ka ce, "Baba, ina so in zauna in ga yadda ake yi," ka riƙe masa taya, ka ɗebo masa ruwan gwada tub. Cikin 'yan makonni ka iya ɗaure sifok da sauya boris. Sarƙa kuma a ƙurar hunturu goge ta ya fi tula mata mai; baƙin mai yashi yake kamawa ya riƙa cin haƙoran. Ka goge da tsumma, ka ɗiga mai tsabta kaɗan, ka sake gogewa.

A kan kwalta ku riƙe hannun dama, ɗaya bayan ɗaya. Motocin albasa da na dabbobi masu zuwa kasuwar Achida ba sa iya tsayawa nan take, iskar da suke ja kuma kan fizgi mai keke; kun ji su a baya, ku sauka gefe ku ba su hanya. Ku cire abin jin waƙa daga kunne. Farar riga ta fi baƙa ganuwa, hular kwano kuma, in ta samu ko ta gwanjo ce, ku sa, duk wanda zai yi dariya ya yi. Garken shanu ko raƙuma, a rage gudu, a gaida makiyayi, a bar ƙararrawa. Kada ku yanke ta cikin fangalin mutum don rage hanya.

Na san a cikinku akwai waɗanda ba ganin gari kawai suke so ba, tsere suke so, ba kuma zan kashe musu gwiwa ba. Burkina Faso, wadda ba ta fi mu arziki ko sanyi ba, tana shirya gasar Tour du Faso tun 1987, a Wagadugu kuma mata da suturarsu ke taka keke zuwa kasuwa ba wanda ya ɗaga ido. Biniam Girmay ɗan Eritiriya ya ci zango uku a gasar Tour de France ta 2024, ya koma gida da kyautar koriyar riga ta gasar. A Satumba na 2025 Ruwanda, ƙasar tuddai, ta karɓi gasar tseren keke ta duniya a Kigali, karo na farko a Afirka; tseren maza ya kai kimanin kilomita 267, hawan da ke cikinsa in aka tara ya wuce mita 5,000. Da yawa daga 'yan tseren Ruwanda da dakon kaya da ɗaukar fasinja a keke suka fara. A namu gidan, Ese Ukpeseraye ta wakilci Najeriya a wasannin Olamfik na Paris a 2024, da keken da tawagar Jamus ta ara mata ta shiga tseren cikin fili. A 2023 kuma wani saurayi ɗan Gini, Mamadou Safayou Barry, ya taka keke kusan kilomita 4,000, ya ratsa ƙasashe har da Nijar maƙwabciyarmu ya kai Chadi, don yana son karatu a jami'ar Azhar. Aka taimaka masa ya ƙarasa Alƙahira, jami'ar ta ba shi gurbi. Keken da ake gasar duniya da shi doka ta hana nauyinsa ya gaza kilo 6.8, kuɗinsa kuma ya fi na babur nesa ba kusa ba. Kada ku jira shi. Yaron da ke hawa tudun Wurno da buhu a kariya ya riga ya mallaki abin da kuɗi ba sa saye, abin da ya rage masa tsari ne da mai lura da shi. Ku nemi malamin wasanni na makarantarku, ku nemi amincewar hakimi da jami'an tsaro, ku auna 'yar gajeriyar hanya kusa da gari, ku riƙa gwada kanku da agogo. Kuma wanda ke da ƙanwa mai sha'awa, in iyaye sun yarda, ya koya mata; 'yan mata da yawa nisan makaranta ne ke zaunar da su gida.

Fitarku ta farko kada ta wuce ƙauye biyu ko uku, ku juyo tun kuna jin da sauran ƙarfi. In kun dawo, wanda ya fi ku rubutu ya ɗauki littafi ya rubuta abin da aka gani: sunan kowane ƙauye, inda rijiya ko famfo yake, inda mai faci yake zama, gangarar da ke ƙarewa cikin yashi, kwarin da ke cika da damina. A bar maganar shingaye da wuraren jami'an tsaro, ba ta shiga littafi, littafin kuma a gida yake zama. A sa kwanan wata a kan kowace tafiya, domin hanyar da ta yi muku kyau a Janairu tana iya zama tafki a Agusta, ƙannenku da za su karɓi littafin kuma suna bukatar sanin yaushe aka bi ta.